Tartsatsi a Gidan Surukai

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa zai kwashe min komai daga ka, da ranar da na je yankan kwano gidan surukaina, a wani ƙauye da ke bayan Tsanyawa. Har yau in abin ya faɗo min a rai, sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

A shekarun nan ne da komai ya yi tsada, kwanon awo da kwanon rufi duk suka fi ƙarfin talaka. Farkon damina aka yi wata iska da ta yaye rufin ɗakin surukina, wanda muke ce wa Baba, ta watsa kwanukan a gonakin maƙwabta. Sabon kwano kuwa ba a ma maganarsa. Sai aka tsinto tsofaffin, 'yan uwa suka ƙara da nasu, aka ce a yanke inda ya lanƙwashe ko tsatsa ta ci, a mayar kafin hadari ya sake haɗuwa. A ɗakin nan ɗan sauran hatsin gidan yake, har da irin shuka. In ruwa ya sake samun sa, to sai dai wani ikon Allah.

Ni kuwa na yi zaman Kano ina saurayi, na koyi walda da aikin kwano, kafin in dawo gida in kama noma da 'yar tireda. Na iya aikin, wannan ba ƙarya ba ne. Ciwona ɗaya, ina son a san na iya. Da saƙo ya zo cewa Baba yana neman in zo in taimaka, sai na ji kamar an kira ni in gina gadar sama.

Da safe na ɗauko kayan Sallata, kaftani da wando ruwan sararin samaniya. (Mai yadin ya rantse min shadda ce, amma duk wanda ya taɓa ta ya san rabinta roba ce. Ita aljihuna ya iya a lokacin.) Matata Rabi ta dube ni sama da ƙasa.

"Malam, a haka za ka yi aikin ƙarfe?"

Na ce, "Gidan surukai za ni, ba gareji ba. Ke dai hau mu tafi."

Ta hau bayan babur, muka kama hanya.

Mun tarar gida ya cika. Maƙwabta sun zo gayya, wasu na miƙa katako, wasu na daidaita tsofaffin ƙusoshi da guduma, don ko ƙusa ba a yarwa a shekarun. Mata na can gefen madafa, surukata Inna na haɗa abincin masu aiki. Ita Inna, tun da na auri 'yarta ba mu taɓa haɗa ido ba. In na durƙusa gaisuwa, tana amsawa ne tana kallon bango, ni kuma ina kallon ƙasa. Haka muke, kuma kowa na jin daɗin hakan.

Ƙanin matata, Sabi'u, shi ya aro injin yankan ƙarfe da muke ce wa giranda, da ƙaramin janareta, daga wajen wani abokinsa a Bici. Sabi'u abokin wasana ne, bakinsa ba ya raga min. Yana hango ni ya ɗaga murya.

"Jama'a a ba da hanya, ga injiniya ya iso! Yaya, ɗaurin aure ka zo ko yankan kwano?"

Aka yi dariya, na yi kamar ban ji ba. Ya miƙo min jakar da aka haɗo da injin, akwai safar hannu ta fata da gilashin kare ido. Na san amfaninsu sarai, maigidana na Kano ba ya barin ka taɓa giranda ba tare da su ba. Amma na duba na ga dattawa a kan tabarma suna kallona, sai na tura jakar gefe da ƙafa.

Na ce, "Wannan ai na 'yan koyo ne."

Baba ya ce a hankali, "Da dai ka sa, ɗana. Ido ba shi da kasuwa."

Na ce, "Kada ka damu, Baba, hannuna ya saba."

Na fara da almakashin kwano, wajen ƙananan gyare-gyare. Nan kam na burge, layi ya fita sak kamar an ja da zare. Sai dai wani guntun kwano da ya nannaɗe ya shafi ɗan yatsana, jini ya tsatso. Na yi maza na cusa hannun a aljihu ina ci gaba da bayani, kamar dama haka nake son tsayawa.

Da aka zo manyan kwanukan, Sabi'u ya ce, "Yaya, fetur ɗin nan kaɗan ne, da ƙyar na samo shi. In ya ƙare, shi ke nan." Wannan ya ƙara zuga ni in yi sauri. Maimakon in shimfiɗa kwanon a kan katako in sa a danne shi, sai na ɗora shi a kan turmi biyu, yana lilo. Murfin da ke kare faifan injin kuma, wanda shi ke kawar da tartsatsi daga jikin mutum, na kwance shi na ajiye, wai yana tare min gani. (Ka ji fa. Ni da kaina, da hankalina, ba wanda ya sa ni.)

Aka tayar da janareta. Na sunkuya, na ɗora faifai a kan kwano, ƙara ta cika gidan, tartsatsi ya tashi kamar wasan wuta. Na ji wani dattijo yana cewa, "Kai, yaron nan gwani ne!" Kaina ya ƙara girma. Ban lura ba ashe duk tartsatsin a cinyata yake sauka.

Can sai na ji ƙauri. Ƙauri sosai, irin na abin da ya kama a tukunya. Ni kuma ga ni mai son a ga ina lura da komai, sai na ɗago kai, na juya wajen madafa, na ɗaga murya yadda za ta fi ƙarar injin:

"Inna! A duba tukunya, tuwon nan yana ƙonewa!"

Wannan ita ce magana ta farko da na taɓa yi wa surukata da babbar murya. Inna ta waigo. A karo na farko a rayuwarmu muka haɗa ido, sai na ga nata idon ya yi ƙasa, ta dafe ƙirji ta yi salati.

Ni ne tuwon.

Gaban kaftanina ya narke ya yi rami, wandona na hayaƙi, wuta na bin yadin tana lashewa. Sabi'u, Allah Ya saka masa, ya yi tsalle ya kashe janareta. Ni kuwa na yi baya da ƙarfi, bakin kwanon da na yanka ya kamo wandon, na ji "ƙyaaat" tun daga ƙugu har gwiwa. Kafin in san inda nake, Inna ta ɗauko robar da ke kusa da ita ta sheƙa min. Ba ruwan randa ba ne, ruwan tsari ne, wanda aka wanke surfen gero da shi aka ajiye wa awaki.

Wuta ta mutu. Ina tsaye, dusa na bin fuskata, hannu ɗaya na riƙe da abin da ya rage na wando. Sai ga awakin gidan, da suka ji ƙanshin abincinsu, sun taho a guje sun kewaye ni, wata ta fara lasar ƙafata. A nan ne Sabi'u ya faɗi ƙasa yana birgima, dattawa kuma kowa ya sa hannun riga ya rufe baki. Rabi na hango ta ta juya baya, kafaɗunta na rawa.

Baba ya taso ya duba ni. Allah Ya kiyaye, ƙunar ba ta wuce ɗan tabo a cinya ba, kwanon kuma yadi ya yaga, bai kai ga nama ba. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Da faifan nan ya kuɓuce, da yanzu wata maganar ake." Na san gaskiya ya faɗa.

Saura abin da zan sa. Kayan mazan gidan duk a ɗakin da ruwa ya jiƙa suke, wandon Baba guda da ya bushe kuwa ko cinyata bai shiga ba. Can sai ga Rabi da zani a ninke, atamfa mai manyan furanni ja, ta ce, "In ji Inna."

Na so in hau babur in gudu, amma gabas ta fara yin baƙi, ga hatsi a fili. Na ɗaura zanin tamau, na naɗe shi sama, na sa wata tsohuwar rigar auduga da wani maƙwabci ya cire ya ba ni. Na mayar da murfin faifai, na sa gilashi da safar hannu, na shimfiɗa kwano a kan katako, mutum biyu suka danne shi, na juya yadda tartsatsi zai tafi fili, nesa da ni da dangar kara. Kowane yanka in na gama, sai faifai ya tsaya cak kafin in ajiye injin, in bi bakin kwanon da magagari in kashe kaifinsa. Fetur ya ishe mu. Ana buga ƙusar ƙarshe yayyafi ya fara.

Da muka zo tafiya, na durƙusa bakin madafa in yi sallama, kaina a ƙasa. Inna ta amsa tana kallon bango kamar kullum, ta sa albarka, ta yi godiya. Har na yunƙura zan tashi, sai na ji ta ce, can ƙasa-ƙasa:

"Tuwon dai lafiyarsa ƙalau."

Tun daga ranar, ko gwangwanin madara zan yanka sai na sa safar hannu. Kuma in na ji ƙauri a cikin taro, nakan fara shafa jikina tukuna kafin in tambayi tukunyar wani.