Rasuwar Koneng, Allon da Aka Fere wa Mai Kilo Hamsin da Shida

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, tare da haƙuri da abin da ba makawa, iyalan Mang Engkos na bakin tekun Batu Karas suna sanar da 'yan uwa, abokan arziki da duk masu shiga ruwa da sassafe rasuwar allonsa na hawan igiyar ruwa, wanda aka fi sani da Koneng saboda launinsa na rawaya. Ya rasu ranar Talata da hantsi yana da shekara goma sha tara, a bakin aikinsa, mai shi yana tsaye a kansa.

An haifi marigayin a rumfar Abah Sutisna, tsohon nan mai fere alluna a bayan kasuwar kifi. Kafin Abah ya taɓa sandararriyar kumfar robar da zai fere allon da ita, sai da ya yi mako guda zaune a kan dutse yana kallon yadda Engkos ke tsayuwa a ruwa, ya ga yana dogara da ƙafar baya, kuma ba ya son juyi na gaggawa. Sannan ya shiga rumfa ya kwana tara yana ferewa yana shafawa da tafin hannu. Ya rage kaurin gefuna wajen wutsiya, ya ɗaga hancin kaɗan. Kafin ya lulluɓe shi da ƙyallen gilashi da danƙo, ya yi abin da yake yi wa kowane allo: ya ɗauki fensir ya rubuta a jikin siririn katakon da ya ratsa tsakiya, "Na Engkos. Kilo hamsin da shida." Rubutun yana nan ƙarƙashin danƙon, ba ya gogewa. Ana roƙon masu ta'aziyya su riƙe wannan lamba, za a buƙace ta a gaba.

Duk wanda ya san Koneng ya shaide shi da natsuwa. Yana da nauyi, wannan ba a musu, kafin a kai shi ruwa sai an sauya kafaɗa sau biyu. Amma nauyin ne mutuncinsa. Idan iska ta tashi ruwa ya yi gargada, shi zama yake yi a cikin ruwan ya yanka shi ya wuce. Idan aka danna shi a kwana yakan lanƙwashe kaɗan, ya miƙe ya tura mai shi gaba. Bai cika surutu ba: igiya ta ɗauke shi, "shuuu" kawai za ka ji, a ƙwanƙwasa cikinsa ya amsa "dum, dum". A bayansa akwai ramuka biyu da dugadugan Engkos suka haƙa a hankali, har ta kai ko ido a rufe ƙafarsa ta san wurinta. Baƙi uku sun taɓa aronsa, duk ukun ya zubar da su.

Ciwon ajalin ya faro ne shekara biyar da suka wuce. Ya fara tsagewa, yana shan ruwa, ana liƙewa yana sake buɗewa, kuma duk lokacin da mai shi ya miƙe a kansa sai a ji wani siririn "ƙiii" mai ban tausayi. Engkos ya ɗora laifin a kan zafin rana. Ya kuma umarce mu mu rubuta cewa igiyar ranar Talata ta kai tsayin rufin masallaci, ga shi mun rubuta. Masunta huɗu da ke gyaran koma a bakin ruwa sun ce ba ta wuce ƙugu ba. Kalmar marigayin ta ƙarshe ita ce "ƙwas!", daga nan ya rabu biyu.

An kai gawar rumfar Abah don a san musabbabi. Tsohon ya juya ɓarin farko, ya juya na biyu, ya karanta rubutun fensirinsa, sannan ya dubi cikin mai makoki.

"Engkos, kilo nawa kake yanzu?"

"Sittin, Abah. Ko sittin da ɗaya."

"Wannan na ƙafarka ta dama ke nan. Ina sauran?"

Ceu Popon, matar Engkos, wadda rumfarta ta soyayyar ayaba ba ta da na biyu a bakin tekun nan, ta nemi a wanke ta. "Ni dai ba ɗura na yi masa ba, Abah. Ina soyawa yana ɗauka, wai yana duba ko ta nuna. Shekara goma sha tara yana dubawa!"

Marigayin ya bar mai shi, da igiyar da ke haɗa shi da ƙafar mai hawa, wadda har yanzu ke ɗaure a wutsiyarsa, da fiffike ɗaya, da guntun kakin shafawa mai yashi a jiki. Ya kuma bar wani ɗan uwa na nesa, farin allo ɗan kamfani da Yayat, surukin Engkos, ya kawo washegari da kyakkyawar niyya. Ba za mu ci naman baƙo ba: yana da sauƙin ɗauka, yana saurin kama igiya, dutse ma da ƙyar yake yi masa tabo. Sai dai 'yan uwansa dubu ne, fuskarsu ɗaya, kuma ba sunan kowa a jikinsa. Engkos ya gwada shi ranar Alhamis. Allon ya hau saman ruwa kamar gorar da ba komai a ciki, iska ta taso ya shiga "tas-tas-tas", ya ƙi lanƙwasa ko kaɗan, a kwanar farko ya yar da shi ya yi gaba abinsa.

"Amma dai Baba, bai karye ba," in ji Yayat.

"Bai san ni ba," in ji Engkos, "kuma ba shi da niyyar sanina."

Abin da ya fi karayar Koneng damun mai makoki shi ne wannan. Hannun Abah ya fara rawa, idonsa ya rage, kumfa ɗaya ta rage masa rataye a rufin rumfa. Ya ce ita zai fere ya rufe ƙofa, kuma Engkos zai fere wa, da sharaɗi ɗaya: ya hau sikelin kasuwar kifi a gaban idonsa, don shi ba ya fere allo a kan ƙarya. In ya ƙi, akwai masu jira. Tun daga ranar Engkos ya daina cin shinkafa, ya koma shan shayi ba sukari yana hararar kaskon matarsa. Ba kunyar dariyar masunta kaɗai ke cinsa ba. Duk safiyar da ya kalli rubutun fensirin nan, yakan ji shi ne dai saurayin da Abah ya zauna a kan dutse yana kallo, kuma yana tsoron ranar da za a rubuta wata lamba.

Jiya Abah ya zo har gida ya same shi zaune da ɓarin allon a cinya. "Yunwar me kake yi?" ya ce. "Shi wancan yaron na riga na yi masa nasa, ya more shi. Wannan na ƙarshe so nake ya ɗauki mutumin da ke nan, mu tsufa mu duka." Engkos ya share ido, ya ce hayaƙin kasko ne.

Za a yi jana'iza gobe Asabar da safe, ba salla, don liman ya ce wasa ya tsaya inda ya kamata. Ɓarin hanci, mai ɗauke da rubutun fensir, za a rataye shi a rumfar Ceu Popon. Ɓarin wutsiya za a miƙa wa Abah, ya auna ramukan dugadugan. Daga nan a wuce kasuwar kifi da ƙarfe takwas, kafin a kawo kamun safe. Ceu Popon ta ce duk wanda ya yi dariya ya manta da hanyar rumfarta.

Mai makoki ya ce a sanar cewa zai ɗan makara. Zai tsaya ya karya kumallo da shinkafa, da ƙwai, da ayaba shida, domin tunda gaskiya za a auna, a auna ta duka.