Yadda Na Nemi Aure Ban Sani Ba

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa zai kwashe sauran abin da ke kaina, da ranar da aka je nema mini aure a Kore Mairuwa alhali ni angon ba ni da labari. Har yau idan abin ya faɗo mini a rai ina tsakiyar cin tuwo, sai in ajiye loma in rufe fuska, jikoki su yi ta tambaya ko yaji ne ya shiga mini ido.

Bari in faro daga tushe. Ni malamin lakol ne, wato makarantar boko, mushe kamar yadda ake ce mana a nan Dogon Dutsi. Na koyar har kaina ya yi fari, na tafi retret, wato ritaya. Ban daɗe da ajiye alli ba Allah ya yi wa uwar 'ya'yana rasuwa, gida ya yi mini faɗi. 'Yata da ke aure a Yamai ta ji labarin na fara hira da kaji, ta aiko aka ɗauke ni in je in huta a wurinta. Hutun ya fi aikin wuya: ita da mijinta su fita tun safe, a bar ni daga ni sai tele, wato talabijin. Wata rana na fito bakin titi, bas ta tsaya, na shiga ban tambayi inda za ta ba. Ta kai ƙarshen layinta, kowa ya sauka, ni na yi zamana har ta juyo da ni. A hanya na lura nauyin nan da ya zauna mini a ƙirji tun ranar rasuwar ya ɗan ɗaga. Kashegari na ɗauki wani layin. Kafin in baro Yamai babu layin da ban bi ba.

Da na dawo gida sai abin ya bi ni. Dutsi ba ta da bas ɗin cikin gari, amma tana da motocin kasuwa, kowace da ranarta da ƙauyenta. Na ce to, ɗaya bayan ɗaya. Na fara da Matankari, na yi Bagaji, na yi Dan Kasari, har a-kori-kurar da ke bi ta wajen Lugu na hau, muka sha turi cikin rairayi ni da babbar rigata. Ba na zuwa wurin kowa. In kai, in sauka in miƙe ƙafa, in yi sallah, in jira motar ta cika ta dawo da ni. Wallahi daɗin da nake ji ba ya faɗuwa: hirar mata 'yan kasuwa, gardamar matasa kan wa'azi, akuya tana taunar bakin rigata, gawo da gonakin hatsi suna wucewa.

Matsalar ita ce a Arewa ba a tafiya haka kawai. Da ka sa ƙafa a mota za a ce, “Mushe, lahiya? Wurin wa za ka?” To ni, dattijo, tsohon direktan lakol, in buɗe baki in ce yawo nake kamar yaron da bai taɓa ganin mota ba? Ina! Sai na shiga ƙirƙiro dalilai. Na duba tsofaffin ɗaliban da ban taɓa koyarwa ba, na yi ta'aziyyar mutanen da ba a taɓa haifa ba (Allah ya yafe mini). Kuma don kada a gan ni hannu rabbana, duk kasuwar da na sauka sai in sayi ɗan wani abu in riƙe, ya zama kamar shi ya kawo ni.

Da na gama arewa na juya kudu. Hanyoyin kudu kuwa sai ka bi ta Kore Mairuwa, a nan ake canza mota, kuma motar ƙauye ba ta san sauri ba, sai ta cika. Wurin jira mafi sanyi a tashar shi ne rumfar wata mai fura, sunanta Kulu. Dattijuwa ce, mijinta ya rasu tuntuni, 'ya'yanta maza suna can cin rani. Ba ta da yawan magana, kuma abin da ya sa na so rumfarta ke nan: ita kaɗai ce ba ta taɓa tambayata wurin wa za ni ba. Ta shimfiɗa mini buhu a kan benci, ta dama, ta miƙo. In na dawo da yamma in sake zama kafin motar Dutsi ta tashi.

A nan wautata ta nuna kanta. Ɗan abin da nake saya a kasuwanni ba na iya kai shi gida, don yayata Hajo, wadda ke kawo mini abinci tun rasuwar matata, sai ta bi diddigin kowane ƙunshi. Saboda haka sai in ajiye wa Kulu. Yau rake, wani makon muruci, wata rana albasa, har da wani ludayi mai zane da na gani ya burge ni. Da ta yi kukan ciwon gwiwa na sayo mata man shafawa daga Dutsi. Ku duba fa: namiji marar mata, ya sha wanka da turare, ya zo duk ranar kasuwa ya zauna a rumfar bazawara yana sauke mata tsaraba. Makaho ma ya ga wannan. Ni kaɗai, mai koya wa yara lissafi, na kasa haɗa ɗaya da ɗaya.

Direban da nake yawan shiga motarsa, Ɗan Tani, shi ya kai wa Yaya Hajo rahoto. Ta same ni ina alwala ta tsaya a kaina.

“Kai, mi kake nema Kore kullum?”

Na sunkuyar da kai na yi ta wanke ƙafar da na riga na wanke. Ba zan iya yi mata ƙaryar ta'aziyya ba, ta san duk wanda ya mutu daga nan har Gaya. Gaskiyar kuma kunyarta nake ji. Sai na yi murmushi kawai, irin na marar gaskiya. Ta dube ni, ta dube ni, idonta ya kawo ruwa, ta ce, “Allah sarki. To Allah shi sa alheri.” Na ce amin da ƙarfi, ina murna na tsira.

Ashe ita ta gama nata lissafin: ƙanenta ya ga mata, kunya ta hana shi magana, in an biye masa sai ya mutu yana jigilar rake. Ta aika wa dangin Kulu, suka tambayi Kulu, Kulu ta ce ba ta ƙi ba. Hajo ta je ta taso Baba Gado, ƙanen mahaifinmu, tsohon da ko masallaci sai an riƙe shi, ta sa masa babbar riga, suka riga ni tafiya da sassafe.

Ranar na shiga mota cike da nishaɗi, don hanya ɗaya ta rage mini a kudu, ta Dumega. Na ga Ɗan Tani yana ta leƙena ta madubi yana washe baki, na ɗauka halinsa ne. Da muka isa Kore na hango rumfar Kulu babu kowa. Na ce wa Ɗan Tani ko ba ta da lafiya?

Ya ce, “Zauna, Mushe. Yau har ƙohwar gida za ni kai ka.”

Ya karkatar da mota cike da fasinja cikin lungu, ba wanda ya yi ƙorafi (daga baya na gane duk motar ta sani). Na sauka ina shirya addu'ar duba marar lafiya, na yi sallama, na shiga zaure. Tabarmi a shimfiɗe, dattawa a jere, ƙwaryar goro a tsakiya, ga Baba Gado a hakimce. Ta bayan danga kuma ana jin motsin mata da 'yar dariya ƙasa-ƙasa, har da muryar Hajo.

Yayan Kulu, Malam Idi, ya nuna mini wuri. Bayan an gaisa ya gyara murya ya ce, “To, alhamdulillahi. Baba ya yi bayani, mu kuma mun yi murna. Tunda Allah ya kawo mai nema da ƙahwarshi, sai mu ji daga bakinshi.”

Mai hankali da ya nemi a ba shi minti biyu ya ja Baba Gado waje. Ni kuwa kaina ya ɗauki zafi, bakina ya riga hankalina, na ce, “Wallahi ni ba aure ya kawo ni ba. Mota nake bi.”

Baba Gado, da yake kunnensa ya yi nauyi, ya ce a maimaita masa. Aka maimaita da ƙarfi, yadda duk matan bayan danga za su ji da kyau.

“Wace mota?” in ji shi.

“Duka, Baba. Ɗaya bayan ɗaya. Na gama Tibiri, na gama Gesheme, yau ta Dumega ta rage.”

“Wa gare ka Dumega?”

“Ba kowa.”

“To mi za ka yi can?”

“In kai… in dawo.”

Tsohon ya juya ya dubi Malam Idi ya ce, “Ku yi haƙuri. Tun yana ƙarami boko ya taɓa shi.”

Wani ya yi tari don ya danne dariya. Ni ba dariyar ce ta kashe ni ba. Shirun da ya sauka a bayan danga ne. A lokacin na tuna akwai mace a can, mai 'ya'ya da jikoki, wadda ta rufe sana'arta ranar kasuwa, ta yi lalle, ta tara maƙwabta, ta amsa da bakinta cewa ba ta ƙi ba. Ni kuma na tsaya gaban danginta na ce tsohuwar mota ta fi ta. Da ƙasa za ta tsage da na shige, in ja ƙofa.

Can sai aka turo ƙwarya ta ƙarƙashin labulen zaure, da ludayin nan mai zane a ciki. Muryar Kulu ta biyo baya, a natse, kamar muna rumfa.

“A ba Mushe hura ya sha. Motar Dumega ta kusa cika, kada ta bar shi.”

Ban taɓa shan fura mai daɗi da wuyar haɗiya irin wannan ba. Na shanye tas don ban san abin da zan yi da fuskata ba in na sauke ƙwaryar. Dumega dai ban je ba. Muka dawo Dutsi mota ɗaya da Hajo, da muka sauka ta ce, “Ni ka kunyata ba komi, na saba. Baiwar Allah can hwa?”

Na shige gida na daina fita ko tasha. Ina ce kewar mota za ta dame ni, sai na ga ba ita ke hana ni sukuni ba. In na ga rake a bakin hanya sai hannuna ya tafi aljihu, sannan in tuna ba ni da wanda zan kai wa. Nauyin nan na ƙirji ya dawo, amma wannan karon na san ba mutuwa ce ta jawo shi ba, ni ne. Da damina ta sauka na ga ba zan iya ba, na ɗaure fuska na shiga motar Ɗan Tani, na ce in ya kalli madubi sau ɗaya zan sauka.

Na tarar da ita tana damu. Mata masu ƙosai na gefe suka fara zungurin juna. Ta ɗago ta gan ni, ta ɗauko buhu ta shimfiɗa a kan benci. Na zauna na yi ta kame-kame, na ce na zo ba ta haƙuri, na ci mutuncinta ba da niyya ba. Sannan na gaya mata abin da ban gaya wa kowa ba, tun daga bas ɗin Yamai da dalilin shigata. Ta saurara har na gama tana juya ludayi.

“Da ka hwaɗi haka tun farko, wa zai yi maka dariya?” in ji ta. “Ni da nawa ya rasu, daka na riƙa yi. In daka hatsina, in bi gidajen mutane in daka nasu, har hannuna ya yi kanta. Kowa da motarshi.”

Ta miƙo mini ƙwarya.

“Dumegar, ka je?”

“Ban je ba.”

“Ni ma ban taɓa zuwa ba. Kullum ina sallamar masu tahiya, ban san inda motocin ga ke ƙarewa ba. In ka je ka ba ni labari.”

Na ce labari ba ya gamsarwa, sai mutum ya gani da idonsa. Ta gyara kallabi, ta dubi wani wuri can daban, ta ce ita dai ba ta shiga mota da namijin da ba nata ba.

Wannan karon, alhamdulillahi, lissafin ya fita. Sai dai dole na je da kaina na durƙusa gaban Baba Gado na roƙe shi ya sake sa babbar riga. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, “Tsaya in ji da kyau kahin in tashi. Macen kake so ko motar?” Na ce macen, Baba. Ya ce in ƙara faɗa da ƙarfi, kunnensa ba ya ji. Na san sarai ya ji.

Mun je Dumega ni da Kulu bayan an ɗaura aure. Gari ne kamar kowane gari, muka sauka, muka sha ruwa, muka dawo. A hanya wata mata ta tambaye ta wurin wa muka je, ta ce, “Ba kowa, yawo muke,” ko a jikinta. Matar ta ce Allah ya ba da sa'a, shi ke nan, duniya ba ta tashi ba.

Abin da na koya, da furfurata da komai: in kana yin abu ka ɓoye dalili, mutanenmu ba za su bar ka haka ba, za su samo maka dalili su kai shi har inda ba ka zata ba. Ni dai na yi sa'a, wanda suka samo mini ya fi nawa kyau.