An Gano Kara Yana Cin Wuta

Jiya da hantsi akuya ta ture ni a ƙofar gidan maƙwabcina Jatau, a Ruwan Bore. Ban ga laifinta ba. Gidan ba danga, ta ina za ta san ta shiga gidan mutane?

Ga asalin zancen. Wata shida da suka wuce, wasu manya suka iso daga birni cikin motoci tara. Masu Girma Kwamitin Ƙone-Ƙone, Allah ya ƙara musu rumfa. Wai za su haɗa kwal da karan dawa su gasa a na'ura, su auna zafin da kowanne ke kamawa da wuta, domin talaka ya huta da tsadar icce. Suna son samfur. Idonsu ya faɗa kan karan da Jatau ya tara don gyaran dangarsa kafin damina. Suka kwashe tas, har da tsohuwar dangar, wai ta fi bushewa.

Shekaranjiya aka kira mu Gusau jin sakamako. An yi rumfa, an yi tafi, ni ma na tafa har hulata ta faɗi. Mai Girma Shugaba ya gyara babbar riga ya ce bincike ya nuna in zafi ya yi zafi, kara kan riga kwal kamawa.

Uwa, matar Jatau, ta zunguri mijinta. “Malam, mi yac ce?”

“Ya ce kara na cin wuta.”

“Don wanga zance anka tsiraita muna gida? Da sun tambayi murhuna!”

Aka miƙa wa Jatau takardar yabo da tokar karansa a ambulan. Uwa ta ce a ba ta, ko ruwan toka ta tace na miya. Ta tace, miyar ta fito tana warin kwalta, aka zubar.

Ni ban yi boko mai nisa ba, amma na san ɗaukar kayan mutum ba izini sata ce, ko da ma'aunin zafi aka zo.

Damina ta kankama, awaki sun cinye ramar Uwa da barkononta. Wadda ta ture ni kuwa, takardar yabon take taunawa. Jatau ya ɗaga sanda, na riƙe hannunsa. A bar ta. A duk ƙaramar hukumar nan, ita kaɗai binciken ya kai wa ciki.