Yadda Ake Matsar da Gungumen Darbejiya Taku Arba'in a Lungun Sheshe

Idan ka bi matakan nan, na yi maka alkawari gungumenka zai motsa. Nawa ma ya motsa fiye da yadda na nema. Sunana Jafaru. Sau ɗaya tak na yi wannan aiki, amma har yau duk unguwar Sheshe ana zancensa.

Mataki na 1: Ka sa baki inda ba a neme ka ba

Ka je gaishe da Baffa Mikail, mahaifin Zuwaira, wadda shekara biyu kana nema, shi kuma bai ce e ba, bai ce a'a ba. Za ka tarar an sare darbejiyar ƙofar gidansa, gungumen ya tare lungu. Zai ce bari ya kira Muttaka mai amalanke ya kai shi kangon baya, taku arba'in. Ka yi wuf ka ce, "Haba Baffa, ina nan za a kira wani? Kafin ku dawo daga kasuwa an gama."

Kada ka taɓa gungumen kafin ka yi alkawarin. Taɓawa tana kashe gwiwa.

Mataki na 2: Shiri

Ka saka farar shaddarka, ko Allah zai sa Zuwaira ta leƙo daga zaure. Ka kira abokanka Gambo da Saminu da Gali. Ba ƙarfi gare su ba, amma sun iya ba da shawara.

Mataki na 3: Ka yi aiki da ƙwaƙwalwa

Gungume ba shi da mariƙa, saboda haka ku mirgina shi a kan tsani, kowa ya samu gefen kamawa. Ka rufe shi da tabarma don kada tururuwa ta hau maka shadda, ka ɗaure da igiya. Ka ja da baya ka yaba wa kanka. Ni ma na yaba.

Mataki na 4: Ku ɗaga

Ku bari sai an idar da la'asar, rana ta yi sanyi, mutane na fitowa daga masallaci. Da nauyin ya sauka a kafaɗarka, salati zai fito da kansa. Ka bar shi ya fito da ƙarfi. Kanka zai sunkuya, idonka ya kawo ruwa. Duk wannan daidai ne.

Mataki na 5: Kada ka ƙi taimako

Wani bawan Allah zai zura kafaɗarsa ƙarƙashin tsanin, ya ce maka, "Allah ya jiƙansa." Ka ce amin, ai bishiyar ta yi wa unguwa inuwa. Kafin ka ankara an karɓe ku duka, kowa na rububin samun lada, ana ta sauri. Da ka ga an wuce kango ka ce, "A nan za a sauke." Wani dattijo zai dafa ka ya ce, "Yi haƙuri ɗana, ba a binnewa a kango."

A nan ya kamata ka yi bayani. Ni kunya ta hana ni, kuma gaskiya kafaɗata tana jin daɗin hutun.

Mataki na 6: Ka bar surukinka ya samu nasa ladan

A unguwar Mandawari za ku haɗu da Baffa yana dawowa daga kasuwa. Zai ajiye ledarsa ya saka kafaɗa, ya tambayi na gabansa, "Wa muka rasa?"

"Baffa Mikail," in ji mutumin, ko waiwayowa bai yi ba. "Daga ƙofar gidansa aka ɗauko shi. Mutumin kirki, ashe haka yake da nauyi."

Za a sauke, a kwance tabarma. Mutum wajen sittin za su tsaya suna kallon darbejiya. Baffa zai dube ka daga hula har takalmi, ya ce, "Jafaru, taku arba'in na ce."

A kula

Babu ruwan marubuci da ciwon baya, ko matan unguwa da suka cika gidan Baffa suna yi wa matarsa Hajiya 'Yardada ta'aziyya, ko sunan Mai Gawa da zai bi ka har tsufa. Muttaka ne ya dawo da gungumen a amalanke, ko gumi bai yi ba, kuma Zuwaira ta leƙo. Ranar da aka ɗaura musu aure kujeru suka ƙare, a kan gungumen na zauna.