Nomau da Jadawalin Rabon Iri

A garin Kwarin Maje akwai gidan Malam Barau, sakataren ƙungiyar manoma. A ɗakin soro ƙanensa Nomau yake kwana, mutum ya ba talatin baya, ga ladabi ga tsafta, sai dai abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi. Ya yi wata shida a birni yana koyon kwamfuta, yatsun kuwa sun iya. Da ƙungiya ta samu tata kwamfutar, Barau ya miƙe gaban Dagaci ya ce a ba ƙanensa aikin buga fom, in an ga ba daidai ba a karɓe sakatarancinsa. Tun ranar tuwo bai ƙara yi wa Barau daɗi ba.

Wata rana Barau ya ga dogayen sunaye suna tsallake gidajensu a jadawali, ya ce, "Kada in ga harafi ɗaya ya leƙo waje." Nomau ya ce to, ya bi sunayen yana datse duk abin da ya yi saura. Ranar taro aka kira Abdulmu, aka kira Shamsud, shugaban ƙungiya kansa, Alhaji Sallau, ya koma Alhaji Sa. Barau ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Me ya hana ka faɗaɗa gidajen?"

"Ai ba ka ce sun yi kaɗan ba, Yaya."

Wata rana kuma akwatin hoton da ke saman fom ya riƙa zamewa ƙasa duk sanda aka ƙara rubutu. Barau zai tafi kasuwar ƙauye, ya ce, "Ka tabbata bai motsa ba kafin in dawo." Nomau ya lura rubutu ne ke ture shi, don haka ya naɗe hannu ya zuba masa ido. Kwana biyu manoma na zuwa karɓar fom yana ba su haƙuri. Da Barau ya dawo, Nomau ya tare shi da murna, ya nuna masa akwatin yana nan inda ya bar shi.

Wata rana aka ce takarda ta yi tsada, jadawalin duka ya zauna a shafi ɗaya. Suna ɗari da sittin ne, Nomau ya matse su har suka koma kamar ƙwayar gero. Alhaji Sallau ya ari tabarau biyu ya haɗa, bai ga ko nasa ba. Ya dubi Barau ya ce saura kuskure ɗaya.

To, wata rana, damina ta ƙarato, aka aiko da irin masara a raba. Alhaji Sallau ya kira Barau suka tsara sunaye su biyu, ana sokewa ana ƙarawa, Alhaji na ɗan rubuta wa kansa tuni a gefen takarda. Barau ya miƙa wa Nomau ita a gajiye, ya ce, "Duk abin da ke nan ka sa shi cikin jadawali. Kada ka rage, kada ka matse, kada ka bar komai a waje."

Nomau ya duba, ya ga rubutun gefe ba shi da mazauni, sai ya buɗe masa gida na huɗu, mai faɗi, ya jera shi tsaf daura da kowane suna.

Ranar rabo Dagaci da kansa ya karanta a bainar jama'a. "Gwaggo Dije, an soke, a sa ɗan Alhaji. Tanimu, ya rasu bara, a bar sunan. Barau, a ƙara masa buhu ɗaya." Dagaci ya tambayi Nomau wa ya sa shi wannan aiki.

"Ranka ya daɗe, Yaya ne ya ce kada in bar komai a waje."

Nan mutane suka ɗauka da gangan Barau ya tona asirin, aka shiga yaba masa. Gwaggo Dije, tsohuwar da ke noma ita kaɗai tun rasuwar mijinta, ta dogaro sandarta ta zo tana sa masa albarka. Duk kunyar da Nomau ya taɓa ba shi ba ta kai wannan ciwo ba. Barau ya sunkuyar da kai ya ce, "Gwaggo, daina. Da hannuna na soke sunanki." Ya ciro makullin ofis ya ajiye gaban Dagaci, aka raba iri bisa gaskiya, yana tsaye a gefe.

A hanyar gida Nomau na biye da shi, ya yi ta satar kallonsa, can ya ce, "Yaya, na sake yin ɓarna ko?"

Barau ya juyo ya dube shi. Sannan ya ce, "A'a. Yau ba kai ba ne."