Maɓalli Uku da Kankanar Barau

Yau na dawo gida babbar rigata ta Juma'a sharkaf da ruwan kankana, ƙeyata ta dahu da rana, muryata ta dushe saboda amsa kirarin manya. Zahara'u, uwar 'ya'yana, ta tare ni a tsakar gida ta ƙare min kallo, ta ce, "Malam, biki ka je ko dambe?" Na ce mata biki ne, na hukuma ma kuwa, manya uku aka tara suka danna maɓalli uku a jikin kwamfuta. Ta ce in cire rigar ta jiƙa, sauran bayanin in kai wa masu karanta jarida tunda su ba wanki ne a gabansu ba. To, ga ni na kawo muku.

Maganar ta faro ne daga maƙwabcina Barau. Katanga ɗaya ta raba mu a nan Birnin Kudu, amma gonarsa tana can bayan Sundimina, inda hanyar burji ke tsallake wani rafi ta kan kwalbati kafin ta fito bakin kwalta. Bana Barau ya bar gero da dawa, ya zuba ƙarfinsa gaba ɗaya a kankana, har shanun huɗarsa ya sayar ya sa a ciki. Allah kuwa ya ba shi. Na je na gani da idona, kowace ɗaya sai ka rungume ta da hannu biyu. Ya shirya da wani direban babbar mota ɗan Kano, a kai rabi kasuwar Gwaram, a wuce da rabi birni. Ana cikin haka ruwan ƙarshen damina ya sauko da fushinsa, ya ɗauke kwalbatin, ya bar wani rami da ko jaki ba ya yarda ya leƙa. Direba ya zo ya gani, ya yi salati, ya juya kan motarsa. Kankana kuwa ba gero ba ce da za a zuba a rumbu. In ta nuna, ko a kwashe ta ko ta ruɓe a inda take.

Barau ya ce in raka shi wurin hukuma, wai ni na iya magana da manya. Muka nufi Ofishin Duba Lafiyar Ayyukan da Aka Riga Aka Buɗe. Kada mai karatu ya wahalar da kansa wajen nemansa, ko ma'aikatan wurin ba kullum suke gane hanya ba. Muka yi sa'a muka taras da mai ofis ɗin da kansa, Mai Girma Garkuwan Kwalbatoci, Allah ya ƙara wa kujerarsa juyi. A gabansa ga kwamfutar tebur an lulluɓe ta da ƙyalle mai ado kamar akwatin lefe.

Muka cire takalma, muka zube, muka yi gaisuwa. Barau ya ce, "Ranka ya daɗe, kwalbatin bayan Sundimina ruwa ya tafi da shi. Amfanin gonata yana can ya nuna, babu hanyar fito da shi."

Garkuwa ya yaye ƙyalle, ya buɗe shafin hukumarsu na intanet, inda kowane aiki yake da hotonsa. Ya juyo mana da fuskar kwamfutar. Ga kwalbati nan sabo fil, farin fenti yana ƙyalli, ga shi kansa a tsakiya riƙe da almakashi, a zamanin da wuyansa bai gama haɗewa da kafaɗa ba.

"Wannan?" in ji shi. "Lafiyarsa ƙalau."

Na zaro wayata na buɗe shafin, shi ɗin dai. Masu ɗaukar hoto na hedikwata sun riga sun je sun sauya hoton, domin a duk hukumar su kaɗai ne ba sa fashi, tunda kowace fita da alawus ɗinta. Ga rami nan baki buɗe, ga rodi a waje. Na miƙa masa. Ya kau da kai kamar na nuna masa abin kunya, ya ce wayata ba ta gwamnati ba ce, ba ta da lambar sito. Na ce to ya duba a tasa. Ya ce, "Subhanallahi, Malam Sada! In yi aikin gwamnati da kayan kaina? Ai ta nan almundahana take farawa."

Ni da na ɗauka rashin sani ne, har na fara gyara murya in yi bayanin abin da ni ma ban sani ba. Ashe na raina Garkuwa. Mutumin nan har ƙasar waje aka tura shi bita a kan wannan magana. Ya gyara zaman hula ya karantar da mu. Ya ce burauza, wato manhajar da ake shiga intanet da ita, tana da wata ma'ajiya a cikin kwamfuta. Duk shafin da ta taɓa buɗewa sai ta adana hotunansa a ciki, domin gobe in ka dawo kada ta sake wahalar ɗauko su daga nesa. Wani lokaci sai duniya ta sauya, ita kuwa ta ci gaba da miƙo maka tsohon da ke hannunta. Maganin kuwa, in ji shi, ka danne maɓallan Kwanturol da Shif ka taɓa na Dilit, wani ɗan akwati zai fito, ka zaɓi tun farkon lokaci, ka sa alama a kan hotuna da fayilolin da aka adana, ka danna gogewa. Shi ke nan, sai ta je ta ɗauko gaskiyar yau. Wallahi ban taɓa jin bayani mai daɗi irin nasa ba, har na ji ina alfahari da jiharmu.

Barau ya matso a kan gwiwoyinsa, ya ce, "To, ranka ya daɗe, a danna mana mana."

Garkuwa ya yi murmushin tausayi, ya sa aka kira ma'ajin sito, wani dattijo mai suna Malam Abdulsalami, wanda a tarihin aikinsa ko tsintsiya ba ta taɓa fita daga ofis ba izini ba. Malam Abdulsalami ya warware mana doka. Kwamfutar ta gwamnati ce, saboda haka duk abin da ya shiga cikinta ya kwana ya zama kayan gwamnati. Kayan gwamnati kuwa, ko karyayyen benci ne, ba a zubar da shi sai an kafa kwamiti ya duba ya tabbatar ya mutu, an yi tayinsa ga sauran ofisoshi, an buga ƙararrawar gwanjo. In an rasa mai saye, sannan a hallaka shi a gaban shaidu.

Barau ya ce, "Baba, kankanata fa?"

Malam Abdulsalami ya ce, "Ita ai taka ce, ɗana. Kana da 'yancin yin yadda ka so da ita."

Ina so a shaide ni, ban ga laifin kowa ba. A ƙasar da motocin hukuma ke ɓacewa da direbobinsu, ga ofis ɗaya da ya tsaya tsayin daka a kan tsohon hoto. Irin wannan riƙon amana ya kamata a sa shi a littafin 'yan firamare.

Aka kafa kwamiti. Zaman farko bai yiwu ba saboda babu wuta, janareta kuma babu mai, ga shi dole sai sun ga kayan da idonsu. Ni da Barau muka ɗauki jarka muka bi layin gidan mai tun sanyin safiya har inuwa ta juya, muna matsawa kamar masu ta'aziyya. Muka kawo mai, aka yi mana godiya, aka juye shi a motar kwamiti, domin sun yanke shawarar fara zuwa Kano su ga yadda takwarorinsu ke goge tasu ma'ajiyar. Da suka dawo aka yi tayin tsofaffin hotunan ga sauran ofisoshi, kowanne ya ce shi ma nasa sun ishe shi. Ranar kasuwar Gwaram aka aika mai ƙararrawa ya yi shelar gwanjo. Mutum ɗaya ne ya taya, wani mai tsire, shi ma da ya ji ba za su naɗe nama ba sai ya janye.

Duk wannan hidima da ake yi, Barau yana gona. Shi da iyalinsa suka yi ta sauka rami suna hawa da kankana a ka, suna sayarwa a bakin kwalta, amma abin da kai zai ɗauka bai kai bakin abin da mota za ta ɗauka ba. Sauran ta fara fashewa. Ranar da na koma, tun daga nesa warin ya tare ni. Na same shi zaune a kan kunya, ƙudaje sun rufe gonar, yana ta juya wata ƙatuwa da hannu ko zai sami gefen da ya tsira. Ban taɓa ganin Barau yana kuka ba, ranar ma bai yi ba. Ni ne na yi, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Da mutanen ƙauyukan suka ga gero da dawa ma sun kusa isa girbi, sai suka kira gayya. Aka sari itacen giginya, aka ɗebo duwatsu da buhunan yashi, mata suka dama kunu a manyan tukwane. Barau ya ce a haɗa da ruɓaɓɓiyar kankanarsa a cikon ramin, ko ta yi wani amfani a duniya. Kafin la'asar amalanke ta haye. Masu hoton hedikwata, Allah ya yi musu albarka, suka sake zuwa suka sake sauya hoto.

To yau aka yi bikin gogewa. An kafa rumfuna, an jera kujeru, ga makaɗa ga maroƙa. Aka fito da kwamfutar tsakar fili aka ɗaura mata ƙyalle, aka yanka. Manya uku za su danna: Garkuwa, da babban baƙo Mai Girma Dokajin Alawus, da shugaban kwamiti Mai Girma Sarkin Ɗage Zama. Nan aka sami matsala. Ƙa'ida ta ce babba ne ke fara taɓawa, amma kwamfuta ta ce wanda ya fara dole ya danne ya jira na ƙarshe. Dokaji ya ce shi bai taɓa jiran na ƙasa da shi ba, ba kuma zai fara da yatsa ba. Aka shiga ofis aka yi sulhu, mu muna rana. Daga ƙarshe aka amince maroƙi ya yi ta zuba masa kirari muddin yatsansa na kan maɓalli, don kada zaman ya zama jira.

Aka danna. Akwati ya fito. Malam Abdulsalami ya roƙi arziki kada a taɓa wurin kalmomin sirri, domin wanda ya san su ya yi ritaya. Garkuwa ya sa alama inda ya dace, ya yi bismilla, ya goge. Malam Abdulsalami ya juya baya yana share ido, kayan sito sun tafi.

Aka sake buɗe shafin. Intanet ɗinmu kun san halinsa, hoton ya riƙa saukowa a hankali daga sama. Ga sararin sama. Ga kan bishiyoyi. Barau ya kama hannuna ya matse, har yanzu yana sa ran hukuma za ta ga raminsa ko sau ɗaya. Sai ga hanya ta fito a shafe sumul, ga amalanke a kai, ga mutanen gayya suna dariya.

Garkuwa ya miƙe ya buɗe hannuwa. "Jama'a, kun gani? Tun ranar farko na ce musu lafiyarsa ƙalau. Tsohon hoto ya faɗa, sabo ya tabbatar!"

Fili ya ɗauki tafi, ni ma na tafa, tunda a gaba aka zaunar da ni. Nan take aka sanar cewa tunda babu gyaran da za a yi, kuɗin da aka ware don gyara za a kafa allo da shi a bakin rafin, mai ɗauke da sunan ofis. Sannan aka shigo da abin taɓawa a faranti: kankana ce jawur, yankakkiya. Mai sanarwa ya ba da haƙuri, ya ce daga Kano aka sayo ta, domin manoman yankin nan bana sun yi sakaci.

Aka miƙa wa Barau yanka ɗaya. Ya riƙe ta yana kallo har ta suɓuce ta faɗo a kan rigata. Ya tashi ya je gaban Garkuwa ya durƙusa. Na ce a raina yau za a kwana da mu a caji ofis. Sai na ji ya ce, cikin ladabi, "Ranka ya daɗe, alfarma ɗaya. Akwai hoton gonata a wayar Malam Sada, lokacin tana kore shar, kankana kwance ko'ina. Tunda an sami wuri a ma'ajiyar, a saka min shi a ciki. Ko a wurin gwamnati ne, ta zauna ba ta ruɓe ba."

Garkuwa ya ce shawara ce mai kyau, kwamiti zai duba.

Itacen giginya da yashi ba za su wuce damina mai zuwa ba, kowa ya sani. Amma kada hankalin kowa ya tashi. Sabon hoton ya riga ya shiga kwamfutar Garkuwa, da daren nan zai kwana, gobe ya wayi gari kayan gwamnati.