Amalanken da Na Kai Taron Rushe Ƙungiya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da muka rushe ƙungiyarmu a Matameye ba, ko da kuwa na so in manta, tunda Mati mai amalanke yana raye kuma bakinsa bai mutu ba.

Ƙungiya ce ta koya wa matan da mazansu suka rasu ɗinki. Surukina, Alhaji, babban ɗan kasuwar rake, shi ne shugaba, kuma kusan duk kekunan ɗinkin daga aljihunsa suka fito. Ni ne mataimakinsa (ba don ƙwazo ba, don ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, na iya sa hannu mai lanƙwasa). Lokacin da muke neman takardar izini daga gwamnati, aka kawo kundin dokokin ƙungiya, na duba shafin da sunana yake, na ga an rubuta shi daidai, na rattaba hannu. Sauran shafukan kuwa na bar wa Allah.

Shekaru suka tafi. Matar da ke koyar da ɗinkin ta koma Damagaram, 'yan biro, wato shugabannin ƙungiyar, rabi sun tafi ci-rani, kekuna suna shan ƙura. Aka sa ranar babban taro don a rushe ƙungiya. Ni kuwa a kaina, rushewa mutuwa ce, kuma inda aka yi mutuwa sai rabon gado. Shugaba ya ɗauka, mataimaki ya biyo baya. Akwai wani baƙin keke mai ƙafa, mai zanen zinariya a wuya, da na daɗe ina yi wa kallon kura da nama. Na ce wa maiɗakina Balki, 'yar Alhajin, ta share masa wuri. Ta share, har ta gaya wa maƙwabta su fara tara yadinsu.

Don kada wani ya riga ni, na ɗauki hayar amalanken shanun Mati, na ce ya jira a ƙofa. Na kuma gaya masa dalili. Nan ne na kashe kaina.

Da aka buɗe taro da addu'a, ban bari kowa ya yi tari ba na miƙe. Na gyara babbar riga, na ce a yi rabo bisa adalci, a fara da manya, kowa gwargwadon wahalarsa. Har na kawo karin magana, wai kowa ya yi noma shi ke da girbi. Wasu suka gyaɗa kai, ashe ba ni kaɗai ke da yunwa ba.

Alhaji bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Mushe, zauna." (Haka ake kiran malamin lakwal a wajenmu.) Na zauna.

Ya ce, "Ranar da gwamnati ta ba mu izini, a ranar kekunan nan suka daina zama namu. Ni na saya, amma ko zare ɗaya ba ni da ikon ɗauka. Mu masu riƙon amana ne. Dokar da muka sa wa hannu ta ce in an rushe, kaya su koma ga wata ƙungiya mai irin aikinmu. Akwai ta mata a wani ƙauye can hanyar Kurni, suna da masu koyo, ba su da keke."

Wallahi na sha mamaki. Mutum ya zuba dukiyarsa, sannan ya tsaya da bakinsa yana karanto dokar da ta hana shi taɓa ta, fuskarsa a sake kamar an yi masa albishir! Ban taɓa sanin akwai dokar da ke tsare kayan marayu daga hannun wanda ya ba da su ba. Na fara addu'a a zuci Allah ya sa a manta da jawabina.

Sai ga kan Mati ta taga.

"Mushe! Wanne ne keken matar taka? Baƙin nan ka ce ko? A miƙo shi, shanuna sun gaji da tsayuwa!"

Innalillahi. A gaban surukina. Da ƙasa tana da ƙofa, da ban tsaya neman takalmi ba. Wani a baya ya yi tarin da kowa ya san dariya ce.

Alhaji ya dubi taga, ya dube ni, ya shafa gemu. Ya ce, "Madalla. Muna tunanin abin da zai kai kayan, ashe Mushe ya riga mu. Allah ya yi albarka. Shi zai raka su."

Haka na hau amalanke cikin babbar riga, na rungume baƙin keken nan don kada ya faɗi, muka ratsa gari. Duk wanda muka gamu da shi sai Mati ya ba shi labari tun daga farko. Da muka isa, matan suka fito da guɗa. Wata tsohuwa ta shafa wuyan keken tana hawaye, ta ce mini, "Ɗana, irinku ne 'yan aljanna." Na ce amin da ƙaramar murya.

Na dawo gida ina shirya ƙaryar da zan yi wa Balki. Ina shiga, sai ga sabon keke a wurin da ta share, ledarsa ma ba a cire ba. Ta ce, "Baba ne ya aiko daga kasuwa. Ya ce in gaya maka wannan ba na ƙungiya ba ne, nasa ne, shi ya sa ya iya bayarwa."

Mako guda ina bin bayan gari don kada in bi ta ƙofar shagonsa. Yanzu ko takardar taron iyayen yara aka miƙo mini, sai na karanta ta har ƙarshe kafin in sa hannu. Kuma in zan yi abin kunya, da kaina nake ɗaukar kayana, ba na kiran Mati.